Bakin Tekun Najeriya: Rairayi da Tsibiran da Suka Tare Atalantika

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, daga Seme a kan iyaka da Jamhuriyar Benin zuwa bakin Kogin Kuros Riba daf da Kamaru. Jihohi takwas ne suka yi iyaka da Tekun Atalantika: Legas, Ogun, Ondo, Delta, Bayelsa, Ribas, Akwa Ibom da Kuros Riba. Sai dai wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato da niyyar ganin teku yakan isa Legas ko Fatakwal ya tarar ruwan da ya fara yin arba da shi ba tekun ba ne. Tafki ne ko rafi. Teku na can gaba, bayan wani siririn tudun rairayi da ya miƙe a tsakani kamar katanga.

Wannan tudu shi ne masana ke kira tsibirin shinge. A gabansa akwai teku mai igiyoyi, a bayansa kuma kwantaccen ruwa mai gaurayen gishiri, inda masunta ke yawo da kwale-kwale. A wasu wurare faɗin tsibirin bai wuce mutum ya ratsa shi da ƙafa cikin 'yan mintoci ba, a wasu kuwa gari guda na zaune a kai. Babu dutse a ƙarƙashinsa. Rairayi ne zalla da igiyar ruwa ta tara, kuma ita ce ke ci gaba da kwasarsa. A gaɓar Legas igiyoyin suna zuwa ne daga kudu maso yamma, su bugi gaɓa a karkace, saboda haka rairayin na tafiya sannu a hankali daga yamma zuwa gabas. Mafi yawan abin da ya faru da wuraren shaƙatawa na bakin teku a ƙasar nan cikin shekara ɗari da suka wuce ya samo asali ne daga wannan tafiya ta rairayi.

Badagry

Daga yamma ya fi kyau a fara. Badagry gari ne na kwakwa da kamun kifi, a bakin tafkin da ya haɗa shi da Legas ta gabas da Porto-Novo ta yamma. A cikin garin akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake ɗauka a matsayin bene na farko irin na Turawa a Najeriya, da filin tsohuwar kasuwar bayi ta Vlekete, da ɗakunan tsare bayi na Seriki Williams Abass, inda har yau ake nuna sarƙoƙi da mari. Sarautar tasa, Seriki, ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin daga kalmar sarki aka aro ta.

Daga bakin tafki ake shiga kwale-kwale a tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, sannan a taka da ƙafa a cikin rairayi har bakin teku. Hanyar da bayi suka bi ke nan. A tsakiyarta akwai wata rijiya da mutanen garin ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, a ƙarshenta kuma wurin da ake wa laƙabi da inda ba a komowa. Rairayin wurin fari ne, bishiyoyin kwakwa sun yi layi, iska na kaɗawa, amma mai ziyara ba ya iya sakewa kamar a sauran wurare. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da dama da yaƙe-yaƙen zamanin suka rutsa da su. An kai su Bahia a ƙasar Brazil, inda tarihi ya adana yunƙurin tawayen da suka shirya a 1807, kuma wasunsu sun shiga boren Musulmin Bahia na 1835, wanda akasarin masu yin sa Yarabawa ne. Ta Badagry ɗin kuma Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825 ya nufi fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a yankin Sakkwato a 1827.

Legas: inda wani rairayi ya ƙaru, wani ya ɓace

Tsakanin 1908 da 1912 gwamnatin mulkin mallaka ta gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada rairayi ya toshe wa manyan jirage hanya. Jirage sun samu hanya, amma katangun sun tare rairayin da ke tafiya gabas. A gefen yamma ya yi ta taruwa, gaɓar ta yi ta faɗaɗa, har tsohuwar hasumiyar fitilar jirage da ke wurin ta koma nesa da ruwa. A gefen gabas kuwa Bar Beach, wanda ke gaban Victoria Island, ya rasa abin da ke ciyar da shi, teku ta shiga cin sa shekara da shekaru, har takan tsallako kan titin Ahmadu Bello.

Bar Beach shi ne dandalin kowa da kowa a Legas. Nan iyalai ke zuwa ranakun hutu, nan masu fararen riguna ke addu'o'insu, nan kuma aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a shekarun 1970, ciki har da Ishola Oyenusi a 1971. Yanzu babu shi. Tun daga 2008 aka fara cike wurin da rairayin da aka haƙo daga cikin teku don gina sabon birnin Eko Atlantic, aka kewaye shi da wata doguwar katangar duwatsu da kankare. Mazauna ƙauyukan da ke gabas da wurin, kamar Okun Alfa, inda Alpha Beach yake, sun daɗe suna kukan cewa zaizayar ta koma kansu.

Wanda ke son ruwa mai ɗan sauƙi, Tarkwa Bay ya kamata ya nufa. Yana cikin lungun da katangun mashigar suka kare, shi ya sa igiyarsa ba ta kai ta sauran wurare ƙarfi ba. Mota ba ta zuwa. Daga Marina ko Victoria Island ake hawa jirgin ruwa mai inji, kuma a hanya mutum zai wuce ta gefen manyan jiragen dakon kaya da ke shiga Apapa. A watan Janairun 2020 jami'an sojan ruwa sun tashi dubban mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai, matakin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi Allah wadai da shi. Yamma da nan, a kan shingen da ya miƙe zuwa Badagry, akwai Ilashe da Ibeshe, inda masu hannu da shuni suka gina gidajen hutu kusa da bukkokin masunta.

Ta ɓangaren Lekki akwai Oniru, Elegushi da Eleko, waɗanda mota ke kaiwa. Kusan duka sai an biya kuɗin shiga, wani lokaci har da na ajiye mota da na zama a rumfa, kuma kuɗin na tashi a lokacin Sallah da Kirsimeti. Abin takaici ne a ce birni mai gaɓar teku ta kusan kilomita 180 ya wayi gari talaka na neman inda zai tsaya ya kalli ruwa kyauta. Da rana wuraren na iyali ne, da dawakin haya da masu tsire da masu sayar da ɗanyar kwakwa. Da dare wasunsu kan koma na kiɗa da barasa, don haka mai tafiya da yara ya yi sammako. Can gabas, a Ibeju-Lekki, gaɓar na sauya kama da sauri: an buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki da matatar man Ɗangote a 2023, kuma aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba mai kimanin kilomita 700, da aka fara a 2024, ya riga ya cinye wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark.

Daga Ondo zuwa Neja Delta

A Jihar Ondo, bayan rairayin Araromi na ƙasar Ilaje, gaɓar kan koma laka. A nan garin Ayetoro yake, wanda wata ƙungiyar Kirista ta kafa a 1947, ya shahara da zaman tarayya da ƙera jiragen ruwa. Da yake babu tudun rairayi mai ƙwari a gabansa, teku ta cinye babban sashe na garin, da gidaje da makarantu.

Daga nan sai Neja Delta, inda Kogin Kwara, bayan ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ke rarrabuwa ya shiga teku ta bakuna da yawa. Tsakanin baki da baki akwai tsibirin shinge, kusan ashirin ke nan a jere, kuma bayansu dajin mangurof ne, itacen da ke tsirowa a ruwan gishiri da saiwoyinsa a waje. Rairayin waɗannan tsibirai kogi ne ya kawo shi daga can ƙasar tudu, don haka ba ƙari ba ne a ce akwai ƙasar Arewa a cikinsa. Madatsun ruwa irin su Kainji, da aka kammala a 1968, da Jebba da Shiroro sun rage yawan abin da ke gangarowa, kuma masana na lissafa wannan cikin dalilan zaizayar gaɓar.

Ta bakin Kogin Nun, kusa da Akassa a Jihar Bayelsa, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander suka fita teku a 1830, bayan sun biyo ruwa daga Yawuri da Busa, abin da ya tabbatar wa Turawa inda Kwara ke ƙarewa. A Akassa ɗin ne kuma Sarki Koko na Nembe ya kai wa hedikwatar kamfanin Royal Niger farmaki a Janairun 1895, saboda kamfanin ya toshe wa mutanensa kasuwar manja. Kunkurun teku na fitowa rairayin yankin da dare su haƙa rami su yi ƙwai, kuma akwai masu fafutukar hana kama su. A Jihar Ribas, tsibirin Bonny na ɗauke da kamfanin iskar gas na NLNG da gandun Finima mai faɗin kimanin hekta 1,000, kusa da shi kuma tsibirin Andoni, ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da giwayen kurmi suka rage a ƙasar.

Waɗannan wurare ba na wanda zai tashi kawai ya tafi ba ne. Tafiyar ruwa ce mai tsawo da tsada, masauki kaɗan ne, malalar mai ta ɓata wasu rafukan, kuma an sha fama da 'yan fashin ruwa. Baƙo ya nemi ɗan gari da zai yi masa jagora, ya kuma tambayi halin tsaro kafin ya kama hanya.

Ibeno

Gabas da Kogin Imo gaɓar ta koma shimfiɗaɗɗen rairayi mai haɗe da ƙasa. Ibeno, a Jihar Akwa Ibom, shi ne mafi shahara, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin rairayin bakin teku mafi tsawo a Afirka ta Yamma. Daga Uyo ake bi ta Eket. Gangarensa ba shi da tsanani, idan ruwa ya janye sai fili ya buɗe har yara su buga ƙwallo. A nan ɗan mishan Samuel Bill ya sauka a 1887 ya kafa cocin Qua Iboe, kuma daga bakin ruwa ana hango wutar rijiyoyin mai a cikin teku.

Lokacin zuwa da abin kiyayewa

Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi dacewa, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, teku kuma ta ɗan lafa. Daga Yuni zuwa Satumba igiyoyi kan yi ƙarfi, wani lokaci su yi ambaliya ba zato. A watan Agustan 2012 irin wannan ta auka wa Kuramo a Legas da dare, ta hallaka mutane da dama.

Babban haɗarin shi ne ruwa mai ja. Ruwan da igiyoyi suka jibge a gaɓa yakan nemi wata kafa ya koma teku da gudu, kuma wurin da yake bi shi ne ya fi kama da kwantacce a ido, domin igiya ba ta fashewa a kansa. Nan baƙo ke zaɓa ya shiga. Iya iyo a kogi ko a madatsar ruwa ba ya tsinana komai a nan, hasali ma wanda ya yarda da kansa ya fi saurin shiga zurfi. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar komowa kai-tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bar jikinsa a saman ruwa, ya ɗaga hannu don neman ɗauki, in zai iya ya yi iyo ta gefe, daidai da miƙewar gaɓa, har ya fita daga kafar. A Legas gangaren rairayin na da tsanani, taku biyu ko uku ke raba ruwan gwiwa da wanda ya shanye mutum, kuma igiyar da ke komawa na iya zare ƙafar babba, balle yaro. Doguwar riga ko zani idan suka jiƙe nauyi suke ƙarawa. Wurare da yawa ba su da masu ceto, inda kuma aka kafa jar tuta ba a shiga.

Teku na cikowa ta janye sau biyu a kowace rana, saboda haka tabarmar da aka shimfiɗa a busasshen wuri da hantsi na iya zama cikin ruwa da la'asar. A jirgi kuwa, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da takwararta ta Jihar Legas, LASWA, sun wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, sun kuma hana lodin da ya wuce ƙima da tafiyar dare. Mai zuwa Tarkwa Bay, Ilashe ko Gberefu ya tsayar da lokacin komowa da matuƙin jirgi tun kafin a tashi, ya karɓi lambar wayarsa, ya kuma kasance a bakin ruwa kafin rana ta yi ja.