Amsoshin Takardunku: Kitso Na Cinye Gashi Ko Yana Ƙara Shi?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a Bakura. Ta ce gashin gaban goshin 'yarta ya cinye, ga shi an sa ranar aurenta bayan kaka. Surukarta ta ce kitso ne, makitsiya kuwa ta ce ai kitso ƙara gashi yake yi. Wa ke da gaskiya?

To Malama, bari mu fara da tarihi. Kitso ya daɗe ƙwarai a ƙasar nan. Gumakan yumɓu da aka tono a Nok, Jihar Kaduna, tun daga 1928, sun haura shekara 2,000, kuma kawunansu na ɗauke da gyaran gashi iri-iri. A 1824 Bature Clapperton ya iso Kano, ya rubuta cewa matan garin na rina gashinsu da shuni. Iyayenmu kuma sun yi doka da zane da shuku, suna shafa man shanu ko man kaɗanya, ba su rasa gashi ba.

Ciwon da kika gani shi ma yana da nasa tarihin. A 1907 aka fara rubuta shi a littafin likitoci, ba ma a Afirka ba, a tsibirin Girinland mai ƙanƙara, inda mata ke tamke gashi su ɗaure ƙam har gefen kai ya sale. A 2007 kuma binciken likita Khumalo a Kef Tawun, Afirka ta Kudu, ya same shi ga kusan mace 1 cikin 3, ya fi yawa ga masu yin kitso a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Kin ga ke nan laifin na ja ne. Da rilaksa da ƙarin gashi suka cika kasuwanninmu, sai nauyi ya hau kan gashin da magani ya riga ya raunana.

Makitsiya fa? Gashi na tsiro kamar santimita 1 a wata, da kitso ko babu. Amfanin kitso shi ne yana hana karyewa, sai tsawon ya tsaya. Kamar darni ne a gona, yana tsare shuka, amma ba taki ba ne.

Saboda haka a tsefe wa yarinya yau, a bar gaban goshin ya huta. In za a sake, a yi manya, sassauƙa, ba ƙari, ba rilaksa. Kitson da ya hana barci, ko ya fito da ƙuraje a gindin gashi, ya yi tsauri. In an farga da wuri gashi kan dawo cikin 'yan watanni, amma in an shekara da shekaru ana ja, saiwar kan mutu, kuma babu man da za ki saya ranar kasuwar Talata Mafara da zai tashe ta. In wurin na ƙaiƙayi yana ɓarewa, wataƙila ƙora ce, a kai ta asibiti.

Makitsan Maradun, Mafara da Bakura, don Allah a sassauta hannu, musamman a kan yara. Sai mun ji daga gare ku. Wassalam.