Shenzhen: Tarihin Yankin Tattalin Arziki na Musamman a Ƙasar Sin

Shenzhen birni ne a lardin Guangdong da ke kudancin Sin, yana maƙwabtaka da Hong Kong. Shi ne ya fi shahara cikin yankuna huɗu da gwamnati ta keɓe a 1980 domin gwada jarin ƙasashen waje da cinikin kasuwa. Sauran ukun su ne Zhuhai da Shantou da Xiamen.

An fi yayata cewa ƙauyen masunta ne kafin lokacin, amma gundumar Bao'an, wadda aka mayar birnin Shenzhen a 1979, tana da manoma da masunta kimanin 300,000. Talauci ya yi musu katutu har dubbai suka riƙa tsallakawa Hong Kong, wasu da iyo, da dama kuma ruwa ya cinye su. Wannan gudun hijira na cikin abin da ya sa Xi Zhongxun, shugaban jam'iyyar Kwaminis a lardin, ya roƙi Beijing ta sassauta wa Guangdong. Deng Xiaoping, jagoran ƙasar a lokacin, ya amince, aka kafa yankin a watan Agusta na 1980.

Da farko aikin ƙodago ne. 'Yan kasuwar Hong Kong su kawo injuna da kayan haɗi, ma'aikata su ɗinka tufafi ko su harhaɗa rediyo da kayan wasan yara, a fitar da su ƙetare. A lokacin, harajin kamfanoni a yankin kashi 15 cikin 100 ne. An kuma zagaye shi da shingen waya, a wancan zamani ɗan ƙasa ma sai da takardar izini yake shiga, don idan gwajin ya lalace kada ya shafi sauran ƙasa.

Abin da ya fi rangwamen haraji tasiri shi ne yadda hukuma ta yarda a taɓa abin da a da haramun ne. A Disambar 1987 aka yi gwanjon haƙƙin amfani da fili, karo na farko a Sin ta gurguzu. Sai a 1988 aka gyara tsarin mulki ya halatta hakan. Kasuwar hannun jari ta buɗe a 1990. Da masu ra'ayin riƙau suka taso bayan 1989, Deng ya ziyarci birnin a farkon 1992 ya kare gyaran tattalin arzikin, jari ya sake kwarara.

Birnin kuma ya haifi nasa kamfanonin: Huawei a 1987, BYD a 1995, Tencent a 1998. Kasuwar Huaqiangbei da ke birnin ta zama matattarar kayan lantarki ta duniya.

Sai dai a bayan wannan arziki akwai miliyoyin 'yan ci-rani daga karkara, yawancinsu 'yan mata a shekarun farko, waɗanda tsarin rajistar mazauni ya hana su cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a birnin da suka gina. A 2010 ma'aikata da dama sun kashe kansu a masana'antar Foxconn, abin da ya jawo hankalin duniya kan yanayin aikinsu. Bai kamata a ba da tarihin Shenzhen a tsallake su ba.

Ƙidayar 2020 ta nuna birnin ya haura mutum miliyan 17. A can ne hedikwatar Transsion take, kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno da itel da Infinix da suka cika kasuwannin Kano da Maraɗi.