Yadda Baba Ya Koya Mana Zama a Zangon Sokode

Tun da na ajiye aiki na dawo gida ƙasar Malumfashi, ɗaliban makarantar Baibul kan zo gaishe ni, kuma tambayarsu kusan ɗaya ce: "Mutum nawa ka yi wa baftisma a Togo?" Ban ga laifinsu ba, ma'aunin da aka miƙa musu ke nan. Masu laifi su ne masu aikensu, waɗanda yanzu ke tura matashi filin bishara da janareta da lasifika da waya mai kyamara, ya yi mako biyu, ya cika Facebook da hotuna, ya dawo a tafa masa. Mu ba haka aka tura mu ba.

Ba mu muka fara shiga arewacin Togo ba. Jamusawa sun daɗe suna hana 'yan mishan hawa arewa, kamar yadda Turawan Ingila suka yi mana a masarautun nan, sai gab da yaƙin 1914 aka sassauta. Daga baya fadan-fadan Katolika na ƙungiyar SMA suka kafu, Sokode ta zama yanki mai zaman kansa a tsarin Katolika a 1937, ta zama dayosis a 1955. Dapaong kuwa 'yan Faransiskan ne suka riƙe ta, ta zama dayosis a 1965 da Bishop Barthélemy Hanrion. Mossawa masu bishara na Assemblies of God su ma sun gangaro daga ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Amma ƙarfin aikin duk ya tafi wajen Kabiye da Moba da makwabtansu. Zango an bar shi, alhali Bahaushe ya riga kowane fada zuwa wurin, tun zamanin fataken goro da ke bi ta Jugu da Sokode ko ta Sansanne-Mango zuwa Salaga. Saboda haka harshen kasuwa a bakinmu muka sauka da shi. Yardar mutane ce ba mu zo da ita ba.

Wanda ya koya mini neman wannan yarda shi ne dattijon da na tarar a Sokode ƙarshen shekarun 1980, wanda kowa ke kira Baba, har limaman unguwa. Ya koyi ɗaurin miki a Babbar Ruga, asibitin kutare da ƙungiyar mishan ta SIM ta riƙe kusa da Katsina, ya yi aiki wajen Paraku da Jugu a Benin, sannan ya tsallako. Ranar da na iso ya karɓi jakar ƙasiduna ya tura ƙarƙashin gado, ya ce, "Ɗana, sai ka ci damina guda a garin nan kafin ka buɗe baki da wa'azi. Yanzu aikinka gaisuwa."

Gaisuwar kuwa aiki ce sosai. Da hantsi mu fara da sarkin zango, mu cire takalmi mu durƙusa, mu bi gidan da aka yi haihuwa, mu zauna a tabarmar makoki har a watse. A Didaure, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa Musulmi, sai ka iya gaida Kotokoli da harshensa na Tem kafin ya ɗauke ka mutumin gari. Baba ya hana naman alade da giya shiga gidanmu, ya ce makwabci ya san duk abin da ke cikin tukunyarka. Ran Kirsimeti mahaucin unguwa ake kira ya yanka akuya, don kowa ya ci babu ɗar-ɗar, da Babbar Sallah kuma kwanukan nama su yi ta shigowa har uwargida ta rasa wurin ajiyewa.

Sai akwatin maganinsa. Lokacin kurkunu na kwantar da manoma tsakiyar damina. Na ga Baba zaune a ƙasa, ƙafar wani magidanci bisa cinyarsa, ya jiƙa mikin da ruwa har kan kurkunun ya leƙo fari kamar zare, ya naɗe shi a tsinke, ya juya kaɗan, ya dakata, ya ɗaure da tsumma mai tsabta. Gobe ya dawo ya ƙara juyawa. In ka ja da ƙarfi ya tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura, mutum ya rasa noman shekara. Makonni ake yi a haka, kuma a makonnin nan ake hirar gona, da bashi, da 'ya'ya, wata rana kuma mai ƙafar ya tambaya da kansa, "Malam, me ya sa kake mana wannan?" A nan Baba yake ambaton Yesu, a taƙaice, ba jayayya. An tabbatar Togo ta rabu da kurkunu a 2011, kuma ina alfahari cewa hannuwanmu na cikin waɗanda suka raba ƙyallen tace ruwa a ƙauyuka.

Maganar akwatin nan ta tuna mini Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Magani ya yi tsada, ɗan abin da ake aiko mana daga gida kuma ya yi watanni bai zo ba. Mai gidan da muke haya, Alhaji ne ɗan kasuwar goro, ya aiko yaro da buhun masara, ya ce kada in sake ta da zancen kuɗin ɗaki sai Allah ya hore. Na rubuta wannan a rahotona. Amsar da ofishinmu ya aiko ita ce takarda mai layuka, a cike adadin waɗanda suka tuba a wata uku. Har yau abin na yi mini ciwo. Baba ya rasu babu fansho, babu ko wasiƙar godiya, mutanen zango ne suka haƙa kabarinsa tare da 'yan ikkilisiya.

Dapaong, inda aka mai da ni daga baya, wata duniya ce. Ƙasa busasshiya irin tamu, gero da dawa, Moba da Gurmawa da Fulani, ga burukutu a kowace kasuwa da kowane makoki. A can Hausa ta kai ni kasuwa kawai, sai da na koma ɗalibi a bakin tsofaffin Moba. Dole in yaba wa sistocin asibitin yara na Yendube: ba ɗarikarmu ɗaya ba, amma yaran da na kai musu da zazzaɓi ba a taɓa tambayar addinin iyayensu ba. Ka'idar Baba ta yi aiki a can kamar yadda ta yi a Sokode. Ka yi noma, ka je jana'iza, ka ci abin da aka ba ka.

Wasu baƙi masu taron falkaswa sun taɓa zuwa Dapaong suka kafa lasifika tana kallon masallaci. Kwana kaɗan suka yi suka tafi, mu muka bi gida-gida muna ba da haƙuri. Yanzu lamarin ya wuce ɓacin rai. Bayan harin Kpendjal na Nuwamban 2021 da wanda ya kashe sojoji takwas a Mayun 2022, yankin Savanes, inda Dapaong take, ya shiga dokar ta-ɓaci, kuma baƙon da ba a san gidansa ba abin tuhuma ne. Masu bi da suka rage a ƙauyukan iyaka, sanin da makwabta suka yi musu ne ke rufa musu asiri.

Ina roƙon dattawan ikkilisiya da kwamitocin mishan: kada ku tura yaro arewacin Togo sai da sana'a a hannunsa, ko aikin jinya, ko ɗinki, ko noma. Ku ba shi shekaru ya zauna, ya koyi Tem ko Moba, ku riƙa aika masa haƙƙinsa a kan kari, kuma ku tanadi abin da zai ci in ya tsufa.