Diyyar Ma'aikaci a Amurka: Wane Rauni Ake Biya?

A Amurka, idan ma'aikaci ya kai ƙarar wurin aikinsa aka sasanta aka biya shi, da sauran rina a kaba, domin hukumar haraji za ta tambaya: kuɗin nan na mene ne? Sashe na 104(a)(2) na dokar haraji ya yafe haraji a kan diyyar rauni ko ciwon jiki. A 1996 ne majalisa ta taƙaita yafewar ga jiki kaɗai, ta ce ƙuncin zuciya ba ya ciki, sai dai abin da mutum ya kashe wajen neman magani. Har rashin barci da ciwon kai da ɓacin ciki, in damuwa ce ta kawo su, ba a ƙirga su ciwon jiki.

A ganina wannan iyaka tana cutar mutanen da aka riga aka cuta. Marrita Murphy ta tona asirin gurɓata muhalli a wani sansanin dakarun sama na jihar New York, aka yi mata bi-ta-da-ƙulli, aka ɓata ta wajen masu ɗaukar aiki. An yanke mata dala 70,000: 45,000 na ƙuncin zuciya, 25,000 na ɓata suna. Bayanan likita sun nuna damuwa ta sa tana ta cizon haƙora har suka lalace, ga jiri, ga sarƙewar numfashi. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta goyi bayanta. Daga baya kotun ta janye hukuncinta, a 2007 ta ce ƙuncin zuciya takardar diyyar ta ambata, don haka harajin dala 20,665 ya zauna.

Julie Domeny kuwa, a 2010 kotun haraji ta yafe mata, saboda matsin wurin aiki ya tsananta ciwon jijiyoyin da take fama da shi tun da farko. Matan biyu damuwa ce ta ci jikinsu. Da me za a ce wa Murphy ciwonta bai kai ba?

Masu kare dokar suna da hujja: in aka buɗe ƙofa, kowa zai laƙaba wa bashin albashinsa sunan damuwa ya tsere wa haraji. Tsoron gaskiya ne, amma maganinsa a binciki shaidar likita. Yanzu lauyan da ya san kan haraji shi ke tsayawa kafin a sa hannu ya ga an rubuta ciwon jiki a takardar sulhu, ƙaramin ma'aikacin da bai da irin wannan lauya kuwa sai lokacin biyan haraji yake jin labari.