Masarautar Adamawa: tutar da ta haɗa Yola da Ngaundere

A 1809 Modibbo Adama ɗan Hassana ya dawo daga wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo riƙe da tuta. Malami ne da ya yi karatu a Barno. Cikin arɗo-arɗon da aka ce su bi shi akwai waɗanda suka fi shi shanu, suka fi shi mayaƙa, amma ilimi da sanyin hali suka ɗora shi a gabansu. Daga wannan tuta aka sami Fombina, lardin kudu maso gabas na Daular Sakkwato, wanda ya zarce sauran lardunan daular faɗin ƙasa.

Modibbo bai sami mazauni a dare ɗaya ba. Ya fara zama a Gurin, bakin kogin Faro, ya koma Ribaɗu, sai a 1841 ya kafa Yola kusa da Binuwai. Allah Ya yi masa rasuwa a 1847. Abin da ya fi burge ni a tsarinsa shi ne yadda ya bar kowane jagora ya riƙe ƙasar da ya buɗe, muddin zai kawo gaisuwa Yola, kamar yadda Yola ke kai tata Sakkwato. Haka Garwa, Marwa, Rai, Tibati, Banyo da Ngaundere suka girma, kowace da lamiɗonta, wato sarkinta.

Zamanin 'ya'yansa, Lamiɗo Lawal (1847 zuwa 1872) da Sanda (1872 zuwa 1890), shi ne lokacin da Yola ta cika ta batse. Malamai irin su Modibbo Raji suka zo suka buɗe zaurukan karatu. Fatake Hausawa daga Kano da Katsina suka riƙa shigowa da tufafi da kanwa, suna fita da hauren giwa, wasunsu suka yi aure suka kafa unguwanni har can tudun Ngaundere. An yi yaƙe-yaƙe, an kuma kama bayi kamar yadda ake yi a ko'ina a wancan zamani, amma Bata da Chamba da Mbum da dama sun shiga tsarin ta hanyar amana da auratayya.

A 1901 sojojin Ingila suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu, wanda ke kan gado a lokacin, ya ƙi miƙa wuya, ya gwabza da Jamusawa a Marwa, aka kashe shi a 1903. Turawa suka raba ƙasar, kaso mafi girma ya faɗa Kamaru. Ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta dawo da yankin Mubi Najeriya, sannan aka yi Jihar Gongola a 1976, aka fitar da Jihar Adamawa daga cikinta a 1991. Ƙidayar 2006 ta nuna jihar na da mutum sama da miliyan 3, masu harsuna da dama, Musulmi da Kirista.

Duk da waɗannan sauye-sauye, fadar Yola ba ta gushe ba. Lamiɗo Aliyu Musɗafa ya riƙe ta daga 1953 zuwa 2010, ɗansa Muhammadu Barkinɗo ya gaje shi. Yau da rikicin manoma da makiyaya ke tsallaka iyaka ba tare da fasfo ba, gwamnatocin Najeriya da Kamaru na buƙatar gidan da sarakunan ɓangarorin biyu ke ganin girmansa, kuma ya kamata su riƙa zama da shi kafin rigima ta tashi.