Tarihin Allurar Rigakafin Sanƙarau: Daga Annobar 1905 Zuwa Alluran da Kamfanoni ke Harhaɗawa a Yau

1.0 Gabatarwa

Sanƙarau yana cikin cututtukan da Bahaushe ya raɗa wa suna daga abin da idonsa ya gane masa. Kalmar ta samo asali ne daga aikatau "sanƙare", aka liƙa masa ɗafa-ƙeya -au, kamar dai yadda aka sami "mantau" daga "manta", da "makarau" daga "makara". Wuyan majiyyaci ne ke sanƙarewa har ya kasa sunkuyar da kai, sai aka kira cutar da wannan alama. Sai dai sunan ya ɓoye wani abu. A bakin jama'a cutar ɗaya ce, amma ƙwayar bakteriyar da ta fi haddasa annobarta ta kasu rukuni goma sha biyu, kuma shida daga ciki, waɗanda masana suka yi wa laƙabi da haruffan A, B, C, W, X da Y, su ne ke kashe mutane da yawa. Allurar da ta yi maganin wani rukuni ba ta taɓa ɗan'uwansa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi ta farautar waɗannan haruffa, da kamfanonin da suka yi aikin, da kuma abin da ke hannunsu yanzu.

2.0 Annoba Kafin Allura

A shekarar 1805 wani likita mai suna Vieusseux ya bayyana ɓarkewar cutar a birnin Janiba, amma sai a 1887 Anton Weichselbaum ya gano ƙwayarta a Biyana. A Afirka ta Yamma kuwa, babbar annoba ta farko da aka rubuta labarinta ita ce ta 1905 a Arewacin Nijeriya, lokacin da Zungeru take hedikwatar Turawan mulkin mallaka. Tun daga nan cutar ta riƙa komowa bayan 'yan shekaru. Lokacinta sananne ne. Takan kunno kai da hunturu, sa'ad da ƙura da busasshiyar iska suka raunana maƙogwaro, ta tsananta da bazara, sa'an nan ta lafa da saukar ruwan farko. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya shata yankin da abin ya fi shafa, wanda ya miƙa daga Senegal har ƙasar Habasha, ya ratsa ta tsakiyar ƙasar Hausa. A yau ƙasashe 26 ake lissafawa a cikinsa.

3.0 Allurar Farko da Gazawarta

Ƙwayar sanƙarau tana lulluɓe da wani ɓawo na sinadarin sukari, kuma bambancin wannan ɓawo ne ya raba ta rukuni-rukuni. A ƙarshen shekarun 1960 Emil Gotschlich da abokan aikinsa a cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed suka tace ɓawon rukunin A da na C, suka nuna cewa idan aka yi wa mutum allurarsa jiki yana samar da garkuwa. Gwajin dafi ya zo a Barazil. Annoba ta ɓarke can a 1974, kamfanin Mérieux na birnin Liyon a Faransa ya duƙufa, aka yi wa mutane kimanin miliyan 90 allura a 1975.

Wannan nasara ta sa aka ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Allurar sukari zalla tana da aibi uku. Ba ta kama jikin yaran da ba su kai shekara biyu ba yadda ya kamata. Ƙarfinta yana gushewa bayan kamar shekara uku. Sa'an nan ba ta kawar da ƙwayar daga maƙogwaron masu ɗauke da ita ba tare da sun kwanta ba, alhali su ne ke yaɗa ta. Saboda haka ba a sa ta cikin alluran yara na yau da kullum ba. Akan jira sai annoba ta tashi, a ƙidaya marasa lafiya, a aika neman allura, kafin ta iso an binne na binnewa. Ga mai nazarin harshe akwai abin lura a nan: allurar da ake kira ta "rigakafi" ba ta riga komai ba, bin baya take yi.

Shekarar 1996 ce ta fallasa wannan tsari. A annobar 1996 zuwa 1997 mutane fiye da 250,000 suka kamu a faɗin yankin, fiye da 25,000 suka rasu. A Nijeriya kaɗai an rubuta mutum 109,580 da suka kamu a 1996, da 11,717 da suka mutu. A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Trovan ba allurar rigakafi ba ce, maganin warkarwa ne, kuma kamfanin bai amsa laifi ba ko a sulhun dala miliyan 75 da ya yi da Jihar Kano a 2009. Amma tabon ya zauna a zukatan jama'a, aka kuma riƙa ambatonsa lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003.

4.0 Allurar Rabin Dala

Dabarar gyara aibin allurar sukari ba sabuwa ba ce. Idan aka ɗaure sukarin a jikin wani furotin da jiki ya saba ganewa, garkuwar jiki takan riƙe kamanninsa ta daɗe ba ta manta ba, har a jikin jarirai, kuma takan share ƙwayar daga maƙogwaro. A 1999 Ingila ta fara amfani da irin wannan ɗaurarriyar allura a kan rukunin C, wanda shi ne ya dame ta. Rukunin A, mai kisa a Afirka, babu wanda ya ga riba a cikinsa.

A 2001 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 70 ga Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, aka kafa shiri na musamman ƙarƙashin jagorancin Dokta Marc LaForce. Abin da ya bambanta wannan shiri da na baya shi ne, an fara da tambayar masu saye kafin a je wurin masu sayarwa. Jami'an lafiya na ƙasashen yankin, ciki har da na Jamhuriyar Nijar, suka nuna cewa allurar da ta wuce rabin dala ba za ta sayu ba, kuma allurar da ba ta sayuwa daidai take da babu. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su amince da wannan farashi ba. Sai aka rarraba aikin. Wani kamfani na birnin Amsterdam mai suna SynCo Bio Partners ya samar da sukarin rukunin A a farkon aikin; masu bincike na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka suka ba da dabarar ɗaurin; kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya, wanda Cyrus Poonawalla ya kafa a 1966, ya kawo furotin ɗin allurar tetanus, ya kuma ɗauki nauyin harhaɗawa a kan ƙasa da rabin dala.

An fara gwaji a Indiya a 2005, sa'an nan a Mali da Gambiya, daga baya Senegal da Ghana. A watan Yuni na 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar, wadda aka sa wa suna MenAfriVac, kuma ranar 6 ga Disamba na wannan shekara aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso, Mali da Nijar suka biyo baya. Nijeriya ta shiga a ƙarshen 2011. Duk wanda ke tsakanin shekara 1 zuwa 29 aka nema. Wani bincike da aka yi a Chadi ya nuna raguwar cutar da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi allurar, idan aka gwada da inda ba a yi ba. Akwai kuma wata fa'ida da wanda ya san ƙauyukan Sahel ne kawai zai gane girmanta: a 2012 aka yarda allurar ta kwana huɗu ba cikin firji ba, muddin zafi bai haura digiri 40 ba, aka kuma fara aiki da wannan izini a Banikoara ta Jamhuriyar Benin. Mutane fiye da miliyan 350 aka yi wa ita, kuma tun daga 2017 ba a sake tabbatar da rukunin A a yankin ba.

5.0 Sauran Haruffa

Tun kafin a ga bayan A, 'yan'uwansa sun fara nuna kai. Rukunin W ya ɓulla tsakanin alhazai a aikin Hajjin 2000, abin da ya sa Sa'udiyya ta wajabta wa maniyyata allura mai rukuni huɗu, sa'an nan ya haddasa babbar annoba a Burkina Faso a 2002. Rukunin X ya addabi Nijar a 2006. Wani sabon nau'i na C kuma ya bayyana a Jihar Sakkwato a 2013, ya ƙetara Nijar a 2015, sa'an nan ya tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016, inda a kakar 2016 zuwa 2017 aka zargi kamuwar mutane fiye da 14,000 a Nijeriya, fiye da 1,100 suka mutu. Ga talaka duk sanƙarau ne. Wannan ya jefa ma'aikatan lafiya cikin wahalar bayani, domin uban da aka yi wa ɗansa allura bara, bana kuma ɗan ya kamu, ba shi da kalmar da zai rarrabe A da C da ita. Abin da zai ce kawai shi ne allurar ba ta aiki.

6.0 Abin da ke Kasuwa da Abin da ke Tafe

Alluran da manyan kamfanoni ke sayarwa a yau sun nuna kasuwar da aka yi su dominta. Masu rukuni huɗu, wato A, C, W da Y, sun haɗa da Menveo ta kamfanin GSK, da Nimenrix ta Pfizer, da MenQuadfi ta Sanofi wadda aka amince da ita a Amurka a 2020. Rukunin B, wanda ya fi damun Turai da Amurka, yana da nasa: Bexsero ta GSK da Trumenba ta Pfizer. Shi wannan rukuni ya daɗe yana gagara, saboda ɓawonsa ya yi kama da wani sinadari na jikin ɗan Adam, sai da aka koma amfani da furotin ɗin jikin ƙwayar. Daga nan gasar ta koma haɗa biyar cikin allura ɗaya. Pfizer ya sami izinin Penbraya a Amurka a Oktoban 2023, GSK ya sami na Penmenvy a Fabrairun 2025. Dukansu A, B, C, W da Y suka ƙunsa. Babu X a ko ɗaya, kuma farashinsu ya fi ƙarfin ma'aikatun lafiya na Sahel nesa ba kusa ba.

Ta biyar ɗin da aka yi domin Afirka ta sake fitowa ne daga Pune. PATH da Serum Institute sun shafe shekara 13 suna aikinta da tallafin gwamnatin Birtaniya. Sunanta MenFive, ana kuma kiran ta Men5CV, ta ƙunshi A, C, W, Y da X. An gwada ta a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2023, farashinta kuma kimanin dala 3 ne. Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta yi amfani da ita, a watan Maris na 2024, a Jihar Jigawa, bayan ɓarkewar da ta kashe mutum 153 a jihohi bakwai tsakanin Oktoban 2023 da Maris ɗin. Nijar ta bi sahu cikin wannan shekara.

Sai dai dogaro da masana'anta ɗaya yana da haɗari, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da Indiya ta dakatar da fitar da allurar korona, shirin rarraba ta a Afirka ya tsaya cik. Shi ya sa ake sa ido a kan kamfanin EuBiologics na Koriya ta Kudu, wanda ya ɗauko tasa allura mai rukuni biyar har da X, ya kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin Biovac na Afirka ta Kudu domin a riƙa ƙarasa harhaɗa ta a nahiyar. Duk wannan yana cikin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na kawar da annobar sanƙarau kafin 2030, wanda Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2020, da nufin rage masu kamuwa da nau'o'in da allura ke karewa da kashi 50, mace-mace kuma da kashi 70 cikin ɗari.

Batun harhaɗawa a gida ya fi ciwo ga Nijeriya, domin ta taɓa yi. Ɗakin harhaɗa alluran rigakafi na Gwamnatin Tarayya da ke Yaba a Legas ya yi shekaru kimanin hamsin yana samar da allurar agana, wadda Hausawa suka sani da "lamba" saboda tabon da takan bari a dantse, da ta shawara, da ta cizon mahaukacin kare, har ana kai wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi da sunan gyara. A 2017 aka farfaɗo da yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin Gwamnatin Tarayya da kamfanin May & Baker ƙarƙashin Biovaccines, a 2021 kuma Tarayyar Afirka ta sa burin nahiyar ta riƙa samar da kashi 60 cikin ɗari na alluran da take buƙata nan da 2040, daga kimanin kashi 1 da take samarwa a lokacin. Cibiyar Pasteur ta Dakar, wadda ta fara allurar shawara tun shekarun 1930, ba ta daina ba har yau. Allurar da aka yi wa yaran Jigawa a Maris na 2024 kuwa, daga Indiya jirgi ya kawo ta.