Hasumiya da Kango: Tarihin Hedikwatocin Kamfanoni a Tsakiyar Birnin Detroit

A ranar 24 ga Oktoba, 1998, dubban mutane suka yi cincirindo a tsakiyar birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka domin kallon yadda za a rushe kantin Hudson's da nakiya. Ginin mai hawa 25 ya taɓa zama kanti mafi tsawo a duniya, amma a lokacin shekararsa 15 ke nan a garƙame. Kafin ƙiftawar ido ya zube, ƙura ta turnuƙe titin Woodward. A shekarar 2024 kuma, kamfanin motoci na General Motors ya sanar da cewa a sabon ginin da aka ɗora kan wannan fili zai mayar da hedikwatarsa. A wannan maƙala zan bi sawun abin da ya kai ga waɗannan ranaku biyu, domin na nuna cewa wurin da babban kamfani ya zaɓa ya zauna, da irin zaman da ya yi a wurin, na iya rayar da gari ko ya ƙara kassara shi.

Mota ce ta gina Detroit, ita ce kuma ta kwashe mutanenta. A ƙidayar 1950 birnin na da mutum kusan miliyan 1 da dubu 850, shi ne na biyar a girma a duk Amurka. Daga nan aka shiga shimfiɗa manyan hanyoyi da suka keta unguwanni, ciki har da Black Bottom, matattarar baƙar fata, wadda aka share baki ɗaya. Masana'antu suka koma bayan gari inda fili ke da arha, ma'aikata masu hali suka bi su. Shi kansa kamfanin Hudson's ya buɗe katafariyar kasuwar Northland a garin Southfield a 1954, da wurin ajiye dubban motoci, ya janye masu sayayya daga uwar kantinsa da hannunsa. Tarzomar 1967, wadda ta ci rayuka 43, ta ƙara wa ƙaurar fararen fata sauri. Duk wanda ya tashi, da harajinsa ya tafi.

Wani babban yunƙuri na farfaɗo da birnin ya fito ne daga Henry Ford II, jikan wanda ya kafa kamfanin Ford. Ya haɗa kan manyan kamfanoni suka gina cibiyar Renaissance Center a bakin kogin Detroit, aka buɗe ta a 1977 bayan kashe kimanin dala miliyan 350: otal mai hawa 73 a tsakiya, da hasumiyoyin ofisoshi huɗu masu hawa 39 kewaye da shi. Niyyar kyakkyawa ce, amma fasalin ginin ya tona asirin tsoron da ke zukatan masu shi. An gitta manyan tudun kankare tsakaninsa da titin Jefferson, sai ya zama tamkar gari mai ganuwa a cikin gari. Ma'aikaci zai shigo da motarsa, ya yi aiki, ya ci abinci, ya koma gida ba tare da ƙafarsa ta taɓa titin birnin ba. Mafi muni, da yawa daga cikin 'yan hayar sabuwar cibiyar daga tsofaffin benayen tsakiyar gari suka taso. Ruwan da aka ɗebo daga wannan randa aka juye a waccan. Hudson's ya rufe a 1983, otal ɗin Book Cadillac ya bi shi a 1984, jirgin ƙasa na ƙarshe kuma ya bar tashar Michigan Central a Janairun 1988.

Sauyi ya faro a 1996, lokacin da General Motors ya sayi cibiyar a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 80 ba, ya mayar da ita hedikwata. Daga baya ya rushe tudun kankaren, ya buɗe wa ginin ƙofa ta fuskar kogi. A 2003 kamfanin manhajar kwamfuta na Compuware ya baro garin Farmington Hills da dubban ma'aikatansa, ya gina mazauni a dandalin Campus Martius, dab da kufan Hudson's. A Agustan 2010 Dan Gilbert, mai kamfanin bayar da lamunin gidaje na Quicken Loans, ya kwaso ma'aikata kimanin 1,700 daga garin Livonia ya zuba su a wannan gini.

Me ya ja hankalin waɗannan attajirai zuwa garin da kowa ke gudu? Kishin mahaifa na ciki, domin Gilbert haifaffen Detroit ne, amma lissafin riba ya fi ƙarfi. Farashin gine-gine ya faɗi warwas, har ana sayen bene mai hawa 20 ko 30 a kan kuɗin da ba zai gina kaɗan daga cikinsa ba. Matasa masu ilimin fasaha, waɗanda kamfanonin ke zawarci, sun fi son aiki a inda za su taka da ƙafa zuwa gidan abinci ko filin wasa. Hukumomi kuma na rige-rigen miƙa rangwamen haraji ga duk wanda ya yarda ya shigo.

Abin da ya bambanta wannan zango da na 1977, a ganina, shi ne komawa ga tsofaffin gine-gine. Kamfanin gidaje na Gilbert, wato Bedrock, ya mallaki kadarori sama da 100, ya gyara su ɗaya bayan ɗaya, ya cika saman da ofisoshi da ɗakunan haya, ƙasan kuma da kantunan da ke kallon titi. Hasumiyar Book Tower, wadda ya saya a 2015 tana kango, ta sake buɗewa a 2023. Kamfanin Ford, duk da cewa hedikwatarsa na nan a Dearborn, ya sayi tashar Michigan Central a 2018, ginin da majalisar birnin ta taɓa kaɗa ƙuri'ar rushewa a 2009. Sai da aka zuƙe miliyoyin galan na ruwa daga ƙarƙashinsa, aka kuma sake buɗe ramin haƙar dutse a jihar Indiana inda aka samo duwatsunsa na asali, kafin a buɗe shi a Yunin 2024. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon gini an yi shi ne tun zamanin da mutane ke tafiya a ƙasa, don haka ƙofarsa na kan titi, kuma duk wanda ya shiga ko ya fita ya ƙara wa titin rai.

Sai dai adalci bai yarda na tsaya a nan ba. Faɗin Detroit murabba'in mil 139 ne, yankin da ya farfaɗo kuwa bai wuce murabba'in mil 7 da 'yan kai ba. A Yulin 2013, daidai lokacin da ake shafa wa benayen tsakiyar gari sabon fenti, gwamnatin birnin ta je kotu ta bayyana cewa bashin kimanin dala biliyan 18 ya fi ƙarfinta, lamarin da ya kai ga rage wa tsofaffin ma'aikata fansho. A 2018 jihar Michigan ta amince wa Bedrock da sassaucin haraji na dala miliyan 618 kan manyan ayyuka huɗu, har da na filin Hudson's. Binciken jaridar Detroit News na 2020 kuma ya gano cewa tsakanin 2010 da 2016 an caji masu gidaje a birnin harajin da ya zarce ƙa'ida da aƙalla dala miliyan 600, a shekarun da dubban iyalai suka rasa muhallinsu saboda bashin haraji. Kuɗaɗen biyu sun yi kusan kunnen doki: ɗaya an yafe wa mai ƙarfi, ɗaya an tatsa daga marar ƙarfi. A ƙidayar 2020 mazauna birnin 639,111 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na adadin 1950, kodayake kiyasin 2023 ya nuna ƙaruwa karo na farko tun 1957.

Tarihin bai ƙare ba. Shirin tashin General Motors zuwa filin Hudson's ya jefa Renaissance Center, mai ɗimbin ofisoshin da babu kowa, cikin rashin tabbas, har a Nuwamban 2024 aka gabatar da shawarar rushe biyu daga cikin hasumiyoyinta. Ginin da aka yi domin ceto gari daga kangaye yau shi ke neman mai ceto. Hukuncin da na yanke daga wannan tarihi shi ne, ba tsawon hasumiya ake dubawa a san alherin kamfani ga gari ba. Ana duba mutum nawa ya fito da su kan titi, kango nawa ya raya ba tare da ya haifar da wani ba, da kuma aljihun wa aka taɓa kafin a share masa wurin zama.